Tudunmu da ruwa ke kewayewa: a sare a yi gawayi ko a bar wa tsuntsaye?

Ɗan Masunta, yankin Kirikasamma

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma ina roƙon wanda ya san abu ya faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Kirikasamma, ba nisa da dajin Baturiya. Kamun kifi muka gada, muna kuma taɓa noman shinkafa. A cikin fadamarmu akwai wani tudu da kakanmu ya bari, bai fi filin ƙwallo uku ba. Daga watan Agusta, in kogin Haɗeja ya kawo, ruwa kan kewaye shi ta ko'ina, ba mai zuwa sai da kwale-kwale, kuma sai bayan sanyi ya wuce ake iya takawa a je da ƙafa. Bagaruwa ce ta fi yawa a kansa, sai kanya huɗu, da wata tsohuwar tsamiya, da goruba ta gabas. A nan belbela da zalɓe da jinjimi suke yin sheƙa. In ka zo da asuba ka ɗaga sandar tuƙi ka bar jirgin ya tafi da kansa, kukan 'ya'yansu kaɗai ya cika maka kunne. Rassan sun yi fari fat da kashinsu, warin kuwa har maƙogwaro.

Marigayi Baba ya hana mu taɓa ƙwai ko ɗaya a wurin. Yana cewa kashin da ke zuba a ruwa shi ke tara ƙananan kifi, manya kuma su biyo su, shi ya sa malin, wato tarkon kifin da muke ɗanawa a gindin tudun, ba ya tashi babu tarwaɗa ko kurungu. Ina yaro na taɓa ɗebo ƙwai shida a hula. Bai dake ni ba. Ya sa muka koma a wannan yammacin, shi yana tuƙi ni ina tallabe da hular, na hau na mayar da su inda na tuna. Har muka dawo gida bai ce mini uffan ba.

Baba ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Tudun ba a raba shi ba tun zamanin kaka, yanzu Baffa ne babba. Masu gawayi sun zo sun duba, sun yi masa tayi, in ruwa ya janye za su shigo da gatari, daga baya a ba da filin haya ga masu noman rani. Ba na ganin laifin Baffa. Ambaliyar 2022 ta cinye masa shinkafa gaba ɗaya, bashin takin bai gama biya ba, ga auren 'yarsa ya matso, kayan ɗaki kuma kun san yadda suka zama.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne wannan. A watan Janairun da ya wuce masu ƙidayar tsuntsaye, waɗanda ke zuwa fadamun nan da sanyi, suka ɗauke ni na tuƙa su kwana biyu. Ɗaya daga cikinsu ya ba ni madubin hangen nesansa, ya saita mini kan wata 'yar agwagwa mai farin layi a saman ido. Na gan ta kamar in miƙa hannu in taɓa, har ɗigon ruwan da ke bakinta. Shekara talatin ina ganin irinta a garke, ban taɓa kallon guda ɗaya ba sai ran nan. Ya ce daga can Turai da Rasha take zuwa, ta ƙetare Sahara ta yi sanyi a wajenmu, ta koma kafin zafi. Ya kuma ce akwai tsibirai a cikin teku inda mutane ke biyan kuɗi mai yawa don kawai su kalli tsuntsaye da dabbobi, kuma masuntan wurin ne suka zama masu gadi, ana biyansu duk wata.

To shin akwai wanda ya taɓa zuwa irin wannan wuri, ko ya san yadda suke tafiyar da shi? Kuma zai yiwu tudu irin namu ya kawo abin da zan iya tsayawa gaban Baffa in ce masa ya haƙura da gawayin? Saura 'yan watanni ruwa ya janye.

Manomin Auyo

Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Tunda ka ce a faɗa maka gaskiya, ga tawa.

Mu da muke kwana a gona muna kaɗa gwangwani saboda jan-baki, in aka ce mana tsuntsu zai kawo kuɗi sai mun yi ta maza kafin mu saurara. Na san belbela da zalɓe ba sa cin shinkafa, kwari da kwaɗi da kifi suke bi, ban haɗa su da jan-baki ba. Amma batun baƙi nake so ka auna. Dagona da ke Yobe ta fi tudunku suna nesa ba kusa ba. A 1989 mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, da kansa ya je kallon tsuntsaye a can. Yau tambayi mutanen Gashuwa Turawa nawa suke gani a shekara. Baƙon da zai biya dala sai ya ga hanya mai kyau, da masauki, da kwanciyar hankali, kuma ƙasarsu ta ce masa ya zo. Masu ƙidayar nan da ka tuƙa kwana biyu ne a shekara. Kwana biyu ba ya aurar da yarinya.

Sannan ruwan kansa ba a hannunka yake ba. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara na Challawa a 1992, ruwan Haɗeja ya daina bin lokacinsa na da. Ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya nutse, wani ya bushe ƙurmus. Tudun da ke tsibiri yau, bayan shekara goma yana iya zama tsakiyar kachalla, kuma a cikinta jan-baki ke kwana.

Abu ɗaya zan ba ka: kuɗin gawayi sau ɗaya ake cinsa. Na sayar da gawo biyu a gonata shekarun baya, kuɗin bai kai sallah ba, gurbin kuwa har yau yana nan. Amma duk abin da za ka yi, kada ka yi wa Baffanka jayayya a gaban mutane.

Ɗalibin Zanzibar, ɗan Kazaure

Ɗan'uwa, abin da mutumin nan ya gaya maka gaskiya ne, na gani da idona. Na yi karatu a Zanzibar, kuma an taɓa kai mu tsibirin Chumbe, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a jirgin ruwa daga birnin. Tsibirin tsawonsa kamar kilomita ɗaya ne, dutsen murjani ne zalla, irin wanda wasu ƙananan halittun teku ke ginawa, ba rijiya ba rafi. Wata Bajamushiya mai suna Sibylle Riedmiller ce ta fara aikin a farkon shekarun 1990, a 1994 gwamnatin Zanzibar ta hana kamun kifi a ruwan da ke yammacinsa, sai a 1998 aka fara saukar baƙi. Ka lura da tazarar nan, shekaru aka yi ana kashe kuɗi kafin baƙo na farko ya biya ko sisi.

Ɗakunan kwana bakwai ne kacal. Ba don ba su da wuri ba, da gangan suka tsaya a nan, domin in mutane suka yi yawa abin da aka zo gani shi zai gudu. Rufin ganyen kwakwa ne, an yi shi yadda zai tara ruwan sama, ruwan ya bi ta cikin yashi da tsakuwa ya tace, ya taru a wata ma'ajiya a ƙarƙashin ɗakin. Da shi ake wanka har damina ta zagayo. Wuta ta hasken rana ce. Ban-ɗakinsu ba ya cin ruwa, taki yake komawa, don kada ƙazanta ta gangara teku ta kashe murjanin. Akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1904, kusa da ita kuma wani ɗan tsohon masallaci, a ciki muka yi azahar tare da ma'aikatan.

Da yamma wani mai gadi ya kai mu cikin kurmi ya nuna mana ƙaguwar kwakwa a bakin raminta. Ɗan'uwa, manta da ƙaguwar bakin kogi. Wannan a tudu take zama, tana hawa bishiya, babbarta na kai kilo huɗu, kuma da manyan hannuwanta masu kama da almakashi take ɓare kwakwa. Ya ce mu tsuguna mu yi shiru, ta fito a hankali tana lalube da gashin bakinta, ta ja wani ɓawon kwakwa ta koma da baya. A wurare da yawa an cinye irinta, a Chumbe ba mai taɓa ta.

Abin da ya fi shafarka shi ne masu gadin. Masunta ne daga ƙauyukan da ke kallon tsibirin, kuma ba sa riƙe bindiga. Wanda ya zagaya da mu ya ce da farko 'yan'uwansu sun ji haushin hana su, gani suke an ƙwace musu wuri an ba Turawa. Abu biyu ya sanyaya zukata. In jirgin masunci ya lalace ko iska ta kama shi, masu gadin ne ke fita su ceto shi. Sannan kifin da ya hayayyafa a inda aka hana kamawa ba ya zama a nan, yana fantsama zuwa inda aka halatta. Da na karanta abin da mahaifinka ya ce game da malinku, maganar mutumin nan ce ta faɗo mini. Kuɗin baƙi kuma shi ke biyan jirgin da ke kawo yaran makarantun Zanzibar kyauta, har da 'yan mata da hijabinsu, a koya musu leƙa ƙarƙashin ruwa.

Akwai kuma tsibirin Misali a gefen Pemba, abokan karatuna 'yan can suka ba ni labarinsa. Masunta suna jefa nakiya a ruwa don kifi ya taso, dokar gwamnati ta kasa hana su. Sai aka bi ta hannun limamai da malaman islamiyya, aka riƙa karantar da cewa mutum halifa ne a bayan ƙasa kuma an hana ɓarna, a nan ne da yawa suka bari. Ina ganin wannan hanyar ta fi kusa da mu.

Amma Malam na Auyo bai yi ƙarya ba. Chumbe na rayuwa ne don Zanzibar cike take da baƙi dama, ɗiban kaɗan kawai suke yi daga ciki. Da korona ta zo a 2020 jirage suka tsaya, su ma sun ji jiki.

Malamar Firamare, Haɗeja

Malam, tambaya ɗaya: kakanku 'ya'ya maza kaɗai ya bari? In kuna da gwaggo, ai tana da rabonta a tudun, Baffa ba zai sayar shi kaɗai ba. Ka fara zuwa wajenta, da goronka, ka zauna ka yi mata bayani. Mata su ke yankar kaba su saƙa tabarma, su ke tsintar goruba da kanya, sun fi kowa sanin abin da za a rasa.

Na biyu, ka daina hangen Bature tukuna. Ina koyar da aji biyar, yarana sun haddace sunan dabbobin da ba su taɓa gani ba, amma da na tambaye su gauraka, biyu ne suka ce sun gan ta, su ma a gidan wani mai kuɗi, an yanke mata fiffike. Mahaifiyata kuwa ta ce suna 'yan mata garke-garke suke ganinta a fadama. In da wurin da za a kai yara su ga sheƙa da idonsu, iyaye za su iya haɗa kuɗin mota da na jirgi. Ba zai yi yawa ba, amma namu ne, ba ya jiran biza. Kuma ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Shamuwa tana sheƙa a tsakiyar gari duk damina, wa ya taɓa ganin an harbe ta?

Ma'aikacin Daji, Doguwa

Ɗan Masunta, sannu da ƙoƙari. Aikin gandun daji na karanta, a gefen Falgore nake, bari in ƙara kan abin da ɗalibinmu ya kawo.

Wanda ya fi kama da naku shi ne tsibirin Cousin a ƙasar Seshel, cikin tekun Indiya. Ɗan ƙaramin tsibiri ne, kuma da gonar kwakwa ce. Akwai wani ɗan tsuntsu mai waƙa da ya rage a nan kaɗai a duk duniya, ƙidaya ta nuna ba su kai 30 ba. A 1968 wata ƙungiyar kare tsuntsaye ta duniya, wadda yanzu ake kira BirdLife, ta sayi tsibirin, aka rage kwakwar aka bar itatuwan asali suka dawo. Tsuntsun ya yaɗu har aka ɗiba aka kai wasu tsibirai, yanzu ana maganar wajen 3,000. Baƙi na zuwa su biya, amma jirginsu ba ya taɓa gaɓa. A kan ruwa ake sauke su cikin jirgin masu gadi, don kada ɓera ko ɗaya ya biyo kaya ya shiga ya cinye ƙwai.

A nan bambancin yake. Su teku ke yi musu shinge wata goma sha biyu. Ku ruwa na yi muku rabin shekara, sauran rabin tudun a buɗe yake ga awaki da masu sassabe da yara masu danƙo. Kada ka raina akuya. A tsibiran Galafagos na ƙasar Ikwado, inda manyan kunkuru suke, awakin da mutane suka kai ne suka cinye ciyayi har kunkurun suka rasa abinci da inuwa, sai da aka yi aikin shekaru aka kawar da awaki sama da 140,000, aka kammala a 2006. Ka je tudunku da rani ka duba ƙarƙashin bagaruwar. In ba ka ga ƙanana masu tasowa ba, to ko ba a sa gatari ba tudun na mutuwa a hankali.

Ka kuma bincika ta hannun Bulama ko tudun ya faɗa cikin iyakar Baturiya. An sa dausayin a jerin Ramsar, wato jerin muhimman dausayoyin duniya da ake karewa, a 2008, kuma yana cikin wurare goma da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 su zama gandun daji na ƙasa, tare da Falgore tamu. In yana ciki, saran na iya jawo wa Baffa abin da ya fi bashin taki. Ka gaya masa wannan a matsayin ɗa mai kare ubansa, ba mai kai ƙara ba.

Shawarata, kada ka yi masa alkawarin kuɗin baƙi. Ka zauna da biro ka lissafa abin da tudun ke bayarwa a tsaye: 'ya'yan bagaruwa da majema ke saya, tsamiya, kanya, goruba, kaba, kifin gindinsa. Ka ɗaura amya uku ko huɗu a tsamiyar, nesa da sheƙa, zuma ba ta kwantai. Ka tara na shekara biyar ka ajiye kusa da tayin masu gawayi.

Ɗan Masunta, yankin Kirikasamma

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru kwana goma don ina bin abin da kuka ce.

Malama, kin buɗe mini ido. Muna da Gwaggo, tana aure a wani ƙauye gaba da mu, kuma ba wanda ya gaya mata zancen gawayin. Da na faɗa mata sai ta ajiye tabarmar da take saƙa, ta ce tsamiyar nan a gindinta kakarmu ke shanya kifi. Ba ta ƙara komai ba, ta ce in zo in ɗauke ta ranar Juma'a.

Na yi lissafin da Malam na Doguwa ya ce, ban saka ko kwabo na baƙi ba. A shekara ɗaya bai kama ƙafar tayin masu gawayi ba, a shekara huɗu ya wuce shi. Na kuma shiga tudun na duba, maganarka ta tabbata, ƙaramar bagaruwa ko ɗaya ban gani ba sai guntayen da aka gwaguye. Wannan ya fi komai taɓa ni, domin shekaru ina alfahari da mun hana ɗaukar ƙwai, alhali awakinmu ne da kanmu muke kaiwa can da rani.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka zauna a zauren Baffa, mu uku. Gwaggo ce ta yi magana, ni na miƙa takardar kawai. Baffa ya daɗe yana dubawa. Ya ce shi ba ƙin tudun yake ba, a can ya koyi jefa birgi, amma wa zai yi wa yarinya gado da katifa? Muka tsaya a kan haka: masu gawayi za su ɗauki busassun bagaruwa biyar da suka riga suka mutu, ba za su taɓa ɗanye ba, kuma ina wurin za a yi. Ni zan ba da kuɗin kifin malin gindin tudun na bana gaba ɗaya a sa a kayan ɗaki, Gwaggo ta ɗauki tabarmi da kwanuka. Shekara ɗaya ya ba ni, in ta zagayo a sake zama. Bulama ya ce zai tambayo batun iyakar, limaminmu kuma na kai masa labarin Misali, ya ce in dawo mu yi magana a natse.

Yanzu aikin da ke gabana shinge ne. Ina so in kewaye ɓangaren yamma da ƙaya kafin ruwa ya gama janyewa, ƙayar kuma daga rassan busassun nan zan samu. Malam na Doguwa, irin bagaruwa jiƙa shi ake yi kafin a shuka, ko a bar wanda ya faɗi ya fito da kansa?

Malama, in kina nan kan bakanki, lokacin sheƙa ya fi kyau, wajen Satumba. Sai dai jirgina mutum shida yake ɗauka, kuma ba zan ɗora ɗan kowa a ruwa babu rigar kariya ba, mun ga abin da kifewar jirgi ke yi a yankin nan. In akwai wanda ya san inda ake samun na yara a Haɗeja ko Kano, da kuɗinsu, ya taimaka ya faɗa mini, guda shida nake nema.